Daga Fadar Sarki Zuwa Akwatin Zaɓe: Tarihin Wakilcin Ɓaure da Ƙasar Daura a Majalisar Tarayya

Gabatarwa

A wannan takarda zan bi sawun yadda mutanen Ɓaure da sauran ƙasar Daura suka sami bakin magana a majalisar dokoki ta ƙasa. Abin da nake so malamai da dattawa su lura da shi shi ne, wannan kujera ba a rana ɗaya aka same ta ba. Mataki-mataki aka hau, kuma sau uku sojoji suna rufe majalisar.

Zamanin da sarakuna ke magana da yawun jama'a

Bayan jihadin ƙarni na 19, gidan sarautar Haɓe na Daura ya rabu, wasu suka zauna a Zango, wasu a Ɓaure, Fulani kuma suna riƙe da birnin Daura. Turawa ne suka mayar da Sarki Musa daga Zango zuwa Daura a 1906, ƙasar ta koma ƙarƙashin sarki ɗaya. Da farko Daura tana cikin Lardin Kano, sai a 1934 aka haɗa ta da Katsina aka yi Lardin Katsina. Tun daga lokacin wakilcin masarautun biyu yake tafiya tare.

A duk waɗannan shekaru majalisar da ke Ikko ba ta yi wa Arewa doka, Gwamna ne yake zartar da abin da ya ga dama. Tsarin mulkin Richards, wanda ya fara aiki a 1947, shi ya shigar da Arewa cikinta, ya kuma kafa Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai a Kaduna. Amma naɗawa ake yi, talakan Ɓaure ba shi da ta cewa.

A taron Ibadan na 1950 aka yi ta ta ƙare. Sarkin Zazzau Ja'afaru, da goyon bayan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya ce in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, to Arewa za ta nemi a raba ta da Kudu kamar yadda ake kafin 1914. Haƙarsu ta cim ma ruwa, domin tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya ba Arewa kujera 68 cikin 136. Sai dai zaɓen na hawa-hawa ne: masu biyan haraji su zaɓi wakilai a ƙauye, waɗannan su zaɓi na gunduma, har a kai lardi, daga nan a tafi Kaduna, a can kuma a tsamo masu zuwa Ikko. Kafin muryar manomi ta isa Ikko, ta bi ta hannun dagaci da hakimi da En'e.

Ƙuri'a ta iso ƙauye

A zaɓen Disamba na 1959 ne mazan Arewa suka fara jefa ƙuri'a kai tsaye don zaɓen wakilan tarayya. Kujeru 312 ne, Arewa tana da 174, jam'iyyar NPC ta fi kowa rinjaye. Daga Lardin Katsina, Alhaji Musa 'Yar'aduwa ya zama Ministan Harkokin Ikko. Shi kuwa Alhaji Muhammadu Bashar, Wamban Daura, minista ne a gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna, kafin ya zama Sarkin Daura a 1966. Matan Arewa ba su yi zaɓen 1959 ba, ko da yake NEPU ta daɗe tana nema musu wannan dama. Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya rufe majalisar har shekara 13.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1979, ƙasar Daura tana cikin Jihar Kaduna. Kowace jiha cikin 19 ta aika sanatoci biyar, kuma a karon farko matan Ɓaure suka zaɓi 'yan majalisar ƙasa. Wannan majalisa ma ba ta yi tsawon rai ba, sojoji suka rushe ta ranar 31 ga Disamba 1983.

Bayan ƙirƙiro Jihar Katsina

Ranar 23 ga Satumba 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina, saboda haka a zaɓen 1992 ne jihar ta fara aika wakilai da sunanta. A wannan majalisa, wadda ta zauna a Abuja, kowace jiha tana da sanatoci uku, kowace ƙaramar hukuma kuma tana da nata ɗan Majalisar Wakilai. Janar Sani Abacha ya rushe ta a Nuwamba 1993.

Tsarin da ake kai tun 1999 ya ba Jihar Katsina sanatoci uku cikin 109, da wakilai 15 cikin 360. Ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura sun kasu mazaɓa biyu: Daura da Sandamu da Mai'aduwa a ɗaya, Zango da Ɓaure a ɗaya. Wato garuruwan nan biyu da gidan sarautar Haɓe ya rabu a cikinsu, yau ɗan majalisa ɗaya ke wakiltarsu. A Majalisar Dattawa kuwa Ɓaure tana cikin Katsina ta Arewa, wadda aka fi sani da shiyyar Daura, mai ƙananan hukumomi 12, har da Mani da Mashi da Kankiya da Ingawa na masarautar Katsina.

Abdu 'Yandoma ne ya fara riƙe kujerar shiyyar a 1999. Mahmud Kanti Bello ya riƙe daga 2003 zuwa 2011, ya kuma zama mai tsawatarwa na majalisar. Bayan zaɓen 2011, rikicin tsayar da 'yan takara a jam'iyyar CPC ya kai Kotun Ƙoli, daga ƙarshe Hadi Sirika ya hau kujerar. Mustapha Bukar ya ci zaɓen 2015, Allah ya yi masa rasuwa a Afrilu 2018, Ahmad Babba Kaita ya gaje shi a zaɓen cike gurbi. A 2023 aka zaɓi Nasir Sani Zangon Daura, wanda kafin nan shi ke wakiltar Zango da Ɓaure a Majalisar Wakilai. A jihar baki ɗaya, muƙami mafi girma da aka samu a majalisa shi ne na Aminu Bello Masari, Kakakin Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007.

Me kujerar take nufi ga Ɓaure?

Ɓaure ƙasar bakin iyaka ce da Jamhuriyar Nijar, kuma iyaka da kwastan da shige-da-fice duk tsarin mulki ya sa su a hannun tarayya kaɗai. Gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma ba su da iko a kansu. An ga haka da aka rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma lokacin da aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamba 2019. Kasuwanni da zumunci tsakanin dangi na nan da na Damagaram sun ji jiki, kuma majalisar tarayya ce wurin da doka ta tanada a kai irin wannan kuka.

Akwai kuma batun da ya kamata a riƙa tunawa. Sashe na 73 na tsarin mulki ya ɗora wa hukumar zaɓe sake duba iyakokin mazaɓu lokaci-lokaci, amma taswirar da ake amfani da ita tun zamanin soja aka shata ta, alhali jama'a sun ƙaru ƙwarai. Haka nan sashe na 69 ya ba masu zaɓe damar yi wa wakilinsu kiranye.

Kammalawa

Daga 1999 zuwa yau shi ne zango mafi tsawo da majalisar ƙasa ta yi ba a katse ta ba. Kirana ga malamai shi ne su koya wa ɗalibai sunan mazaɓarsu da na waɗanda suka wakilce ta. Dattawan da suka ga zaɓen 1959 kuwa sun yi ƙaranci, ya kamata a je a ɗauki bayanansu a rubuta tun suna raye. Allah ya ba mu wakilai masu riƙon amana, amin.