Daga Tarihi: Jonathan Majiyagbe, Baƙon da Ya Ɗaga Sunan Kano

Tarihin da muka ɗauko muku a wannan karo na wani mutum ne da ba Bahaushe ba, ba kuma Musulmi ba. Mun zaɓe shi ne saboda zamansa ya yi kama da namu: shi ɗan Kudu ne da ya yi rayuwarsa a Arewa, mu kuwa 'yan Arewa ne da ke zaune a Kudu.

An haifi Jonathan Majiyagbe a shekarar 1934. Bayarabe ne kuma Kirista. Ya yi karatun lauya a Ingila, da ya dawo gida sai ya zaɓi Kano, ya kafa ofishinsa na lauya a can, har ya kai ga samun lambar SAN ta manyan lauyoyin Nijeriya. Amma abin da duniya ta fi saninsa da shi aikin sa-kai ne a ƙungiyar Rotary.

Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa Rotary a birnin Chicago na Amurka ranar 23 ga Fabrairun 1905. Ƙungiya ce ta 'yan kasuwa da masu sana'o'i, waɗanda kan haɗu a kai a kai, su biya kuɗin ƙungiya daga aljihunsu, su zaɓi aikin da za su yi wa garin da suke zaune. Ba a biyan membobi albashi, shugabanci kuma shekara ɗaya ne, duk ranar 1 ga Yuli sai a miƙa wa wani. Da yawa daga cikinmu za su ɗauka Legas ce ta fara samun reshenta a ƙasar nan. A'a, Kano ce, a shekarar 1961, sannan Legas da Ibadan suka biyo baya.

Majiyagbe ya shiga reshen Kano a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. Lokaci ne da zaman ɗan Kudu a Arewa, ko ɗan Arewa a Kudu, ya zama abin fargaba, kowa na tunanin komawa garinsu. Shi kuwa a lokacin ne ya sa kansa cikin hidimar garin da ya karɓe shi. Daga nan ya yi ta hawa mataki-mataki: ya riƙe gwamnan gunduma na ƙungiyar, ya shiga majalisar daraktocinta ta duniya, ya kuma jagoranci kwamitinta na yaƙi da cutar shan inna a Afirka. A watan Yulin 2003 ya zama shugaban Rotary na duniya baki ɗaya, ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera, yana jagorantar mutane kimanin miliyan 1.2. Daga shigarsa zuwa wannan rana shekara 36 ke nan. Duk inda aka gabatar da shi, da sunan reshen Kano ake gabatar da shi. Taken da ya zaɓa wa shekararsa shi ne a miƙa hannun taimako.

Sai dai shekarar ta zo masa da jarrabawa. Tun 1985 Rotary ta ɗauki alkawarin kawar da shan inna daga duniya. A 1988, lokacin da aka ƙaddamar da gangamin tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, cutar tana nakasa yara kimanin 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Zuwa 2003 ƙasashe ƙalilan suka rage. A wannan shekara ce gwamnatin Kano ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin, bayan da zargi ya bazu cewa an cuɗa maganin da abin da ke hana haihuwa. Tsoron jama'a yana da tushe, domin ba a manta da gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Wato a daidai lokacin da mutumin Kano ke shugabantar ƙungiyar da ta ɗauki wannan yaƙi, a garinsa aikin ya tsaya cik.

Dakatarwar ta ɗauki watanni. An koma rigakafi a Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo magani daga Indonesiya. A watan Oktoba na shekarar Shugaba Obasanjo ya je Kano ya ɗiga wa ɗiyar gwamnan maganin a bainar jama'a. Amma duk da haka cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka rabu da ita a baya, har da Sudan da Yaman. Bayan haka sarakuna da malamai suka shigo cikin aikin, dubban matan unguwa kuma suka riƙa bi gida-gida da akwatin sanyi a kafaɗa. An ga mai ɗauke da ainihin ƙwayar cutar na ƙarshe a Nijeriya a jihar Borno a 2016, ranar 25 ga Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Majiyagbe ya ga wannan rana da idonsa. Ya mutu a watan Mayun 2023 yana da shekara 88, bayan shekara 56 a ƙungiya ɗaya.

To, ina abin ya shafe mu? Ba muna kiran kowa ya shiga Rotary ba ne, mun san akwai masu ɗari-ɗari da ita, kowa da fahimtarsa. Mu ma ba baƙin aikin sa-kai ba ne. Mun gaji aikin gayya, muna da 'yan agaji masu tsayawa a filin idi da wurin tafsiri da maƙabarta ba tare da sisin kwabo ba. Abin dubawa guda biyu ne.

Na farko, juriya. Sau nawa muka kafa kwamiti da zafi, bayan wata shida taro ya koma mutum huɗu? Sau nawa wanda ya faɗi zaɓen ƙungiya ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya? Wanda ya yi shekara 36 kafin ya hau kujerar ƙoli ya zauna ƙarƙashin shugabanni da dama, bai fita ba.

Na biyu, wa muke yi wa hidima? An kafa Sabo ta Ibadan tun 1916, amma har yau da yawanmu na cewa zaman ci-rani muke yi, alhali a nan aka haifi 'ya'yanmu da jikokinmu. Taimakonmu yakan tsaya a tsakaninmu: mara lafiyarmu, gawarmu, ɗan uwanmu da aka kama. Wannan wajibi ne, amma bai isa ba. Magudanar da ta toshe a unguwa ba ta tambayar ƙabila kafin ta yi ambaliya, haka ma cuta. Ranar da rikici ya taso a kasuwa, maƙwabcin da ya taɓa ganin mu muna yashe kwata tare da shi, ko muna ba da jini a asibiti, shi ne zai fara tsaya mana.

Don haka a taronmu na gaba kowa ya zo da shawarar aiki guda da za mu yi wa unguwa baki ɗaya, mu da masu masaukinmu, wanda za mu iya riƙewa shekara da shekaru ko da shugabanni sun canza. Allah Ya ba mu ikon yi, Ya saka wa 'yan agajinmu da alheri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Sakataren Ƙungiya