Wasiyyin Zubairu da Magadansa

Mun sha ganin magada sun tasa wasiyyi gaba tun ba a share makoki ba, kowa na son a miƙa masa rabonsa. To, ba yau aka fara ba.

Sayyidina Zubairu ɗan Awwamu, wanda aka kashe bayan ya janye daga Yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 ta Hijira, watau 656, ya ɗora wa ɗansa Abdullahi biyan bashinsa. Ba kuwa bashin almubazzaranci ba ne. In aka kawo masa ajiya, sai ya mai da ita rance, don in ta salwanta shi ke da biya. Da aka ƙidaya, sai ga dirhami 2,200,000, ga shi bai bar tsabar kuɗi ba, sai filaye da gidaje.

Abdullahi ya sayar da filin Gaba, da uban ya saya 170,000, a kan 1,600,000, ya sallami mutane. 'Yan'uwansa suka ce a raba saura. Ya rantse ba zai raba ba sai ya yi shela lokacin Hajji shekara huɗu, ko akwai mai bin bashin da bai ji ba. Mu dai ba mu ga laifinsa ba, ko da yake jiran da ciwo. Da shekarun suka cika ya fid da sulusin wasiyya, ya raba. Bisa ruwayar Buhari, matan Zubairu huɗu kowace ta sami 1,200,000.