Daga Zane Zuwa Wando: Tarihin Suturar Mata a Unguwar Briqueterie ta Yawunde

Gabatarwa

Hausawa kan ce zamani riga ne. Wannan rubutu zai bi sawun tufa guda ɗaya, wato wando, domin a ga yadda ya tashi daga kayan maza zalla har ya zama abin da uwa ke kai wa tela ya ɗinka wa 'yarta. Za a ɗauki misali daga Briqueterie, unguwar Hausawa da ke Yawunde, babban birnin Kamaru. A can al'adar Bahaushe ta yi zaman maƙwabtaka da ta mutanen kurmi da ta Turawa, don haka sauyin ya fi fitowa fili.

Asalin unguwar

Jamusawa sun kafa sansani a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880. Fataken Hausa, waɗanda suka daɗe suna ratsa Adamawa da goro da hauren giwa da tufafi, suka gangaro suka yada zango. Bayan an kori Jamusawa a 1916 Faransawa suka karɓi garin, kuma a shekarun 1930 suka mayar da Hausawa wurin da Ewondo, 'yan asalin ƙasar, ke kira Ekoudou. Sunan Briqueterie da Faransanci yana nufin wurin gasa tubali, saboda masana'antar tubalin da ta taɓa zama a can. Yau akwai Hausawa da Fulani da Barebari da Bamun da baƙi daga Nijar da Najeriya da Mali a unguwar. Ta shahara da tsire da kilishi, haka kuma da shagunan atamfa da shadda, da teloli da masu surfani.

Rabon tufafi a gargajiyance

Al'adar da fatake suka zo da ita ta raba tufafi gida biyu. Namiji yana da riga da wando da hula da rawani. Mace tana da zane da kallabi da mayafi. Wando ma ba kowane namiji ba, domin yaro da bante yake yawo sai ya tasa. Namijin da ya ɗaura zane irin na mata ya fita bainar jama'a ɗan daudu ake ce masa. Malamai kuma suna kafa hujja da hadisin da ya hana namiji kwaikwayon mace, ya hana mace kwaikwayon namiji.

Tun kafin zuwan Turawa tufa ta zama abin jayayya da masu mulki. A ƙarshen ƙarni na 18 Sarkin Gobir Nafata ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi, domin ya karya jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Iyakar da ke tsakanin kayan maza da na mata kuwa ba ta taɓa zama katangar dutse ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, takan naɗa jajis, shugabannin 'Yan Taru, da malfa, alhali an fi sanin malfa a kan maza matafiya.

Maƙwabtan Hausawa a kudancin Kamaru suna da nasu labarin. Doguwar rigar nan mai faɗi da ake kira kaba ta samo asali ne a Duwala a ƙarni na 19, lokacin da 'yan mishan suka nemi matan garin su rufe jiki. Yau kaba ta zama tufar gargajiya da ake alfahari da ita. Baƙuwar jiya ce ta zama 'yar gida, kuma irin wannan hanya wando ya biyo.

Ƙofofi uku da wando ya shigo ta cikinsu

Ƙofa ta farko ita ce boko da aikin gwamnati. Bayan 'yancin kai a 1960, yarinyar unguwar ta riƙa ganin mata 'yan sanda da ma'aikatan asibiti da 'yan wasa sanye da wando a titunan babban birni. Iyaye da yawa sun ɗauki wannan a matsayin halin Nasara, kuma yana cikin dalilan da suka sa wasu suka ƙi kai 'ya'yansu mata makaranta.

Ƙofa ta biyu ta fi ba da mamaki, domin ta addini ce. Da zirga-zirgar aikin Hajji ta ƙaru, alhazai suka ga matan Pakistan da Indiya da doguwar riga a kan wando mai faɗi, ba wanda ya ce sun bar Musulunci. A Najeriya, bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, makarantun Islamiyya suka bunƙasa, kayan makarantar 'yan mata kuma suka zama riga da wando da hijabi. Hujjar a fili take: zane yana kwancewa, iska tana ɗage shi, wando kuwa yana rufe ƙafa har idon sawu. Wannan salo ya bi dangantaka da kasuwanci da kasakasan wa'azi ya ƙetara iyaka. A Kamaru dokar 'yancin kafa ƙungiyoyi ta Disamba 1990 ta buɗe wa ƙungiyoyin addini fage, sannan aka buɗe babban masallacin Tsinga, kusa da Briqueterie, a 1997 da tallafin Saudiyya.

Ƙofa ta uku ita ce kasuwa. A Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin Sefa da rabi, atamfa da shadda suka yi tsada, talaka ya koma ga gwanjo. Kasuwar Mokolo, wadda ba ta da nisa da unguwar, cike take da wandunan jins daga Turai. Wannan wando mai kama jiki shi ne har yau ake wa'azi a kansa. Budurwa kan saya, amma ta ɗora abaya ko dogon hijabi a kai kafin ta ratsa layin gidansu.

Hannun hukuma

Gwamnatoci ma sun tsoma baki. A birnin Paris akwai dokar 1800 da ta hana mace sa wando sai da izini, kuma sai a 2013 aka bayyana a hukumance cewa ta mutu. Malawi ta hana mata wando daga 1973 zuwa 1993. A Sudan an gurfanar da 'yar jarida Lubna Hussein a 2009 saboda wando, aka soke dokar a 2019. A Kamaru kuwa matsin ya zo ta fuska biyu. A ƙarshen 2013 gwamnati ta ƙaddamar da yaƙi da shigar tsiraici tsakanin 'yan mata. A Yulin 2015, bayan harin ƙunar baƙin wake a Fotokol, aka hana nikabi a jihar Arewa Mai Nisa, wasu jihohi suka bi sahu, mai rufe fuska ta zama abin zargi har a Yawunde. Cikin shekara biyu an ce wa mace ta rufe, an kuma ce kada ta rufe da yawa, kuma ita ce ke fuskantar ɗan sanda a shinge da dattawa a ƙofar gida.

Kammalawa

Ɗalibin Hausa zai iya ganin wannan tarihi a cikin kalma guda. Buje a da sunan wandon maza ne mai yalwar hantsa, amma yanzu a wurare da dama, musamman Nijar, siket ɗin mata ake kira buje. Yadda kalmar ta ƙaura haka ma'aunin ya ƙaura. Kakanni suna tambaya ko tufar ta maza ce ko ta mata. Jikokinsu a Briqueterie suna tambaya ko tana da faɗi, ko ta rufe jiki, da kuma abin da aka ɗora a kanta. Jayayyar ba ta ƙare ba, amma telan da ke ɗinka wa uba babbar riga shi ne yake yanka wa 'yarsa wandon Islamiyya a teburi ɗaya.