Gizo da Gammo: Lambobin Mazan Jiya na Yaƙin Bama

Jama'a, mu da muka tashi a nan Sabo mun san tsofaffin da ake kira 'yan Bama. Amma mu nawa ne muka san ma'anar tambarin da ke kafaɗar kakinsu?

A 1943 Turawan Ingila suka harhaɗa sojojin Afirka ta Yamma suka yi runduna biyu, ta 81 da ta 82, aka tura su ƙasar Bama su kara da Japan. Da yawansu Hausawa ne, ko kuwa waɗanda suka iya Hausa a bariki. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, an ɗauko shi daga tatsuniyar Asante. To, mu ai ba baƙonmu ba ne, Gizo ne dai, ƙaramin da ke kayar da manya da wayo. Da shi suka ratsa kwarin Kaladan a 1944, daji ba hanyar mota, sai jiragen sama ke jefo musu abinci.

Ita kuwa ta 82, masu biyu ne gicciye a kan gammo. I, gammo dai na ɗan dako! Domin a ka aka ɗauki harsashi da abinci a duwatsun Arakan, har aka kama Myohaung a watan Janairu 1945. Ka ga ke nan aikin da wasu ke rainawa a kasuwa shi ne ya zama abin ado a kafaɗar soja.

Igiya ma ba kyauta ake ba da ita ba. Kofur biyu, saje uku, kowace da guminta. Wanda ya dawo aka maƙala masa tauraron Bama, ko da yake kuɗin sallamarsa bai kama ƙafar na Bature ba. Shi ya sa tsoho kan rasa na cefane, amma bai sayar da lambarsa ba.

Yau kuwa fa? Sai tsoho ya cika, jikoki su kwashe adakarsa su miƙa wa 'yan gwangwan. Haba jama'a! Barikin Letmauk da ke Mokola da na Dodan a Ikko sunayen Bama suke ɗauke da su, mu kuma muna zubar da namu. Duk mai lamba a gida ya adana ta, ya rubuta sunan mai ita da rundunarsa.

Allah ya jiƙan mazan jiya, amin.