Komawa ɗaga ƙarfe bayan dogon hutu: Barci, damuwa da illar magungunan ƙarin ƙarfi

A Jega, Aliero da Maiyama da ke Jihar Kebbi, kamar sauran garuruwan Arewa, akwai matasa da magidanta masu ɗaga ƙarfe, wasu a ɗakin motsa jiki, wasu a tsakar gida da sandar ƙarfe da gwangwanayen siminti. Da yawa sukan ajiye shi na tsawon watanni saboda hidimar kasuwa, jinya, azumi ko sauyin wurin aiki. Ranar komawa ce ta fi haɗari, domin zuciya tana tuna nauyin da aka saba ɗagawa, jiki kuwa ya riga ya ja baya.

Tsoka tana farfaɗowa da wuri, amma jijiyoyin da ke ɗaure ta da ƙashi sun fi ta nawa. Shi ya sa ya kamata a fara da kusan rabin tsohon nauyi, sau biyu ko uku a mako, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Aliero ta yi suna wajen ɗori, sai dai jijiyar kafaɗa da ta yage ba karaya ba ce, kuma takan ɗauki watanni kafin ta warke.

Ainihin ginin tsoka yana faruwa ne lokacin hutu, musamman a barci mai nauyi. Baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9 a dare. A wannan yanki samun hakan ba abu ne mai sauƙi ba: daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ɗaki ba ya hucewa sai dare ya raba, ga tashin asuba. Ɗan kasuwar Jega da bashi ya yi wa katutu, dillalin albasa a Aliero lokacin kakarta, da ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta garin a makon jarrabawa, duk suna kwana da tunani. Damuwa tana ɗaga sinadarin kotisol, wanda idan ya daɗe a sama yake hana barci ya kuma rage saurin gyaruwar tsoka. A irin wannan mako, rage nauyi ya fi dagewa amfani.

Nan ne mutane da dama ke kuskure, su nemi magance gajiya da abin sha. Garin da ake damawa kafin atisaye yakan ƙunshi kafin mai yawa, sau da yawa miligiram 150 zuwa 300 a awo ɗaya, alhali iyakar da hukumomin lafiya na Turai da Amurka suka ambata ga baligi mai lafiya ita ce kusan 400 a yini. Goro, shayi, kofi da lemon ƙara kuzari duk suna cikin wannan lissafi. Rabin kafin ɗin yana nan a jini bayan kimanin awa 5, saboda haka wanda ya sha da la'asar zai kai tsakar dare ido biyu, gobe ya tashi a gajiye, ya ƙara awo. Faɗuwar gaba, rawar hannu da hawan jini kan biyo baya.

Kiriyatin, giram 3 zuwa 5 a rana, yana cikin waɗanda aka fi bincika. Yakan ƙara kilo ɗaya ko biyu na ruwa a jiki, wani lokaci ya murɗa ciki, kuma mai ciwon ƙoda ya fara tuntuɓar likita. Kowane irin gari ne, a duba lambar NAFDAC.

Mafi muni shi ne ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi dexamethasone ne. Suna kumbura fuska da ciki, suna narkar da tsoka, suna ɗaga sukari, suna hana barci. Wanda ya daɗe yana shan su kada ya daina farat ɗaya. Likita ne zai rage masa a hankali. Tramadol kuma yana rufe zafin da ke sanar da rauni, ga kama jiki da farfaɗiya.

Ciwon tsoka na kwana biyu ko uku bayan komawa ba abin tsoro ba ne. Amma idan ya zo da kumburi mai tsanani da fitsari mai launin baƙin shayi, alama ce tsoka tana narkewa cikin jini, kuma ƙoda na iya tsayawa. Wannan, da ciwon ƙirji ko suma yayin atisaye, suna buƙatar zuwa babban asibiti mafi kusa a ranar, inda za a iya tura mutum Birnin Kebbi domin gwajin ƙoda da zuciya.