Kyler Murray: Ɗalibin da manyan wasannin Amurka biyu suka yi rububinsa

Kyler Murray ɗan wasan Amurka ne da ya yi suna tun yana ɗalibin Jami'ar Oklahoma, inda ya haɗa wasanni biyu a lokaci guda: ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka da kuma besbol. Shi ne mutum na farko da aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa a manyan gasannin ƙwararru biyu na ƙasar, wato MLB ta besbol a 2018 da NFL ta zari-ruga a 2019. Daga ƙarshe dole ta sa ya zaɓi ɗaya, ya kuma haƙura da miliyoyin daloli da ya riga ya sa wa hannu.

Yadda wasannin biyu suke

A zari-rugar Amurka kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11, filin kuma yadi 100 ne, irin yadin da 'yan kasuwa ke auna shadda da shi. Ana ba masu kai hari dama huɗu su ci yadi 10, idan suka kai ƙwallo ƙarshen gidan abokan hamayya sun samu maki 6. Madugun masu kai hari shi ake kira kwatabak. Shi ne ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya karanci tsayuwar masu tsaron baya, sannan ya jefa wa abokin wasa ko ya ruga da ita da kansa. Wannan shi ne gurbin Murray.

Besbol kuwa wasa ne na mutum tara-tara. Mai jifa zai wurgo ƙwallo, mai sanda ya doke ta, sannan ya zagaye tasha huɗu a guje kafin a mayar da ita. Ƙarfin dantse, saurin ƙafa da kaifin ido su ne jari a wasannin biyu, shi ya sa ake yawan samun matasan da ke iya duka.

Asalinsa

An haifi Murray a ranar 7 ga Agusta, 1997 a garin Bedford da ke Jihar Texas. Gado ya yi ta ɓangarori biyu. Mahaifinsa, Kevin Murray, ya taɓa buga besbol a ƙananan ƙungiyoyin Milwaukee Brewers kafin ya zama kwatabak na Jami'ar Texas A&M a shekarun 1980. Ƙanen mahaifinsa, Calvin Murray, ya buga gasar MLB da ƙungiyoyin da suka haɗa da San Francisco Giants.

A makarantar sakandaren Allen, wadda filin wasanta ke ɗaukar 'yan kallo 18,000, Murray ya jagoranci ƙungiyar ta lashe kofin jiha sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A wasanni sama da 40 da aka fara da shi, ba a taɓa doke su ba.

Shekarun jami'a

A 2015 ya shiga Texas A&M, jami'ar mahaifinsa, amma zaman bai yi daɗi ba. Ya yi ta takarar gurbi da wani kwatabak mai suna Kyle Allen, kuma a watan Disamba na shekarar ya sauya sheƙa zuwa Oklahoma. Dokar sauya makaranta ta wancan lokaci ta hana shi buga kakar 2016, a 2017 kuma ya zauna a benci a bayan Baker Mayfield.

A wannan tsakanin ne besbol ta ɗaga shi. A kakar 2018 ya tsare wa Oklahoma tsakiyar fili, ya yi bugun da ke fitar da ƙwallo bayan shinge sau 10. A watan Yuni ƙungiyar Oakland Athletics ta ɗauke shi a matsayi na 9, ta kuma amince ta ba shi Dala miliyan 4.66 a matsayin kuɗin sa hannu. Dokar hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta yarda ɗalibi ya zama ƙwararre a wani wasa alhali yana buga wa makarantarsa wani daban. Saboda haka aka yi yarjejeniya cewa zai buga zari-ruga kaka ɗaya tak, sannan ya koma besbol a farkon 2019.

Wannan kaka ɗaya ita ce ta rushe lissafin. A ƙarƙashin mai horarwa Lincoln Riley, jifan Murray ya ci yadi 4,361, kusan kilomita huɗu ke nan, ya kuma haifar da ci 42. Da ƙafarsa ya ƙara yadi 1,001 da ci 12. Oklahoma ta doke Texas da maki 39 da 27 ta ɗauki kofin rukunin Big 12, shi kuma a watan Disamba ya lashe kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'in ƙasar, inda ya kayar da Tua Tagovailoa na Alabama. Sai dai Alabama ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe da maki 45 da 34.

Zaɓin da ya yi

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. A ranar 11 ga Fabrairu, 2019 Murray ya sanar cewa zari-ruga zai bi. Ya mayar wa Oakland Dala miliyan 1.29 daga cikin miliyan 1.5 da ta fara ba shi, ya kuma haƙura da ragowar miliyan 3.16.

Kowane ɓangare yana da ribarsa da hasararsa. A besbol, ko wanda aka ɗauka a sahun gaba sai ya shafe shekaru a ƙananan ƙungiyoyi da albashi kaɗan, kuma da yawa ba sa kai wa babbar gasa. A NFL ana fara biyan kuɗi mai tsoka nan take, amma wasa ne na karo da ke cin jiki. Ga kuma batun tsawo: Murray ƙafa 5 da inci 10 ne, alhali ƙungiyoyi sun fi son kwatabak dogo da zai iya hango fili ta saman ƙartin da ke gabansa.

A ranar 25 ga Afrilu, 2019 ƙungiyar Arizona Cardinals ta ɗauke shi a matsayi na 1, ta ba shi kwantiragin shekara huɗu na kimanin Dala miliyan 35.

A gasar ƙwararru

An zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan wasan kai hari na 2019, an kuma sa shi cikin taurarin gasar a 2020 da 2021. A kakar 2021 Cardinals ta ci wasanninta bakwai na farko, amma Los Angeles Rams ta yi waje da ita a zagayen farko na sili-ɗaya-ƙwale.

A Yulin 2022 ya tsawaita kwantiraginsa da shekara biyar a kan Dala miliyan 230.5. A cikin takardar akwai sharaɗin cewa sai ya riƙa nazarin bidiyon wasanni na sa'a huɗu a kowane mako. Da maganar ta fito fili, jama'a suka ɗauke ta a matsayin zargin lalaci, ƙungiyar ta cire sharaɗin. A watan Disamba na shekarar, haɗarin da masu ba shi shawarar besbol suke tsoro ya auku: jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasa da New England Patriots, bai dawo fili ba sai a Nuwamban 2023.

Waɗanda suka bi irin wannan hanya

Murray ba shi ne farau ba. John Elway na Jami'ar Stanford ya buga wa ƙaramar ƙungiyar New York Yankees wasa a 1982 kafin a ɗauke shi na farko a NFL a 1983. Russell Wilson da Patrick Mahomes su ma ƙungiyoyin besbol sun ɗauke su, amma suka tsaya a zari-ruga. Bo Jackson da Deion Sanders sun buga manyan gasannin biyu a lokaci guda, sai dai ba a gurbin kwatabak ba, wanda haddar dabarunsa ke cinye lokacin mutum a duk shekara.

Najeriya ma tana da nata misalan sauya wasa a jami'o'in Amurka. Christian Okoye na Enugu ya je ne a matsayin mai jifan faifai, ya ƙare a Kansas City Chiefs. Hakeem Olajuwon ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu a Legas kafin ya shahara a ƙwallon kwando a Jami'ar Houston.

Bambancin tsarin a bayyane yake. Ɗalibin Jami'ar Tarayya da ke Dutse mai hazaƙar wasa, babban dandalinsa shi ne gasar jami'o'i ta NUGA, hanyar zama ƙwararre kuwa ta fi bi ta ƙungiyoyi irin su Jigawa Golden Stars da Kano Pillars. A Amurka jami'a ce kasuwar da ƙungiyoyi ke zuwa taya 'yan wasa, har ta kai ana yi wa ɗalibi ɗaya ciniki biyu kafin ya bar makaranta.