Kabari Biyu Ba Su Tsai da Aikin Ba

Ran 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka a Legas da nufin kawo bishara ƙasar Sudan, har da ƙasarmu ta Hausa. Su ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare, ciwo ya ɗauke biyu: Gowans a Girku, ƙasar Zazzau, Kent kuwa a Bida. Bingham ya koma Kanada shi kaɗai.

A 1900 ya sāke zuwa, zazzaɓi ya kwantar da shi, aka mai da shi gida. Duk da haka bai ajiye kiransa ba. Ya aiko da waɗansu, a 1902 suka kafa tashar farko a Patigi, bakin Kwara. Daga nan aikin SIM ya bazu har Roni, kuma a 1954 ikilisiyoyin suka haɗu da sunan ECWA.

Ɗan'uwa a Kanya Babba, ko ka binne naka, ko gona ta ƙi, ka tuna Bingham ya jira wajen shekara 9. Karanta Galatiyawa 6:9.

Ya Ubangiji, ka ba mu jimiri. Amin.